Ruwan Awa Biyu a Ingal

Ranar Talata 14 ga watan Yuni na 2016, azumi bai kai kwana goma ba, hadari ya haɗo a kan Ingal. Duk wanda ya san wannan gari na yammacin Agadas a Nijar ya san hadarin Yuni ba a saka masa rai. Sau da yawa iska ce da jan ƙura, a ɗan yi yayyafin da bai isa kwantar da ƙurar ba, rana ta sake buɗewa kamar ba a yi ba. Damina ta sosai sai Yuli da Agusta. Wannan karon kuwa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, kuma da aka duba ma'auni bayan awa biyu, milimita 85 aka samu.

Mutumin Kano ko na Zariya zai ji milimita 85 ya ce to, ruwa ne mai yawa, amma ai an saba gani. Sai ya tuna inda ake magana. Rahotannin da suka fita a lokacin sun ce abin da yankin ya saba samu a shekara ɗungurungum bai wuce milimita 100 zuwa 130 ba. Ke nan mafi yawan rabon shekara ne ya sauka a zama guda. In ana so a gan shi da ido, milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Wato duk ɗan wurin da tabarmar sallah za ta rufe, an juye masa jarka uku da wani abu. A kan hekta guda, duro 4,250. Kuma ƙasar da ruwan ya sauka a kanta ba mai shan ruwa ba ce.

Ingal yana zaune ne a gindin doguwar gangarar dutsen nan ta Tigidit, kimanin kilomita 160 daga Agadas in a mota ne. Tsohon gari ne mai lambunan dabino, mutanensa na asali suna da harshensu, Tasawak, wanda jijiyarsa ta Songai ce amma ya sha kalmomin Buzanci ya ƙoshi. Daga arewacin garin ƙasa take shimfiɗewa ta zama faƙon Irhazer, laka zalla iya ganinka. Da rani ta bushe ta tsattsage kamar bayan kada. Da ruwa ya taɓa ta, sai ta kumbura ta toshe kanta, ruwan ya rasa hanyar shiga ƙasa, ya bi kori ya bi kwari yana neman gangare. Wannan laka da ruwanta mai gishiri su ne arzikin wurin. Saboda su ne Buzaye da Fulani Bororo ke koro garkunansu daga kudu duk damina, a yi taron nan na Satumba da duniya ta sani da sunan Cure Salée. Daga cikinta kuma mutanen Tigidda-n-Tesumt ke fitar da gishirin dabbobi. A ranar 14 ga Yuni, ita ce ta zama tarko.

Sai an san halin da dabba take ciki a watan Yuni kafin a gane yadda ruwan awa biyu zai kashe dubbai. Ƙarshen bazara ne. Wata takwas ko tara ke nan rabon dabba da ɗanyar ciyawa. Busasshiyar ma ta ƙare, abin da ya rage ƙaya ce da ganyen itace da ɗan dusa ko ƙwayar auduga ga wanda ya iya saya. Tunkiya ta zama haƙarƙari da fata, saniya in ta kwanta sai an kama ta ta wutsiya da ƙaho an tashe ta. Kuma a wannan lokacin makiyayi yana saukowa ne kusa da kwari, don a nan rijiya take, a nan inuwa take, a nan ragowar abin ci yake. Wurin da ya fi masa amfani da rani shi ne hanyar ruwa.

In ruwa irin wannan ya zo, wasu dabbobin ambaliya ce ke tafiya da su kai tsaye. Da yawa kuwa a tsaye suke mutuwa. Ƙafa ta nutse cikin laka har gwiwa, dabbar ta yunƙura sau biyu sau uku, ƙarfin ya ƙare, ta durƙushe. Ga jiki jiƙe sharkaf, ga iska mai sanyi da ke biyo bayan ruwa, ga ciki babu komai. Raƙumi da duk tsayinsa, santsin laka ya fi kowa cutarsa, don tafin ƙafarsa na yashi ne. In ya zame ƙafafun suka warwatse, da wuya ya sake miƙewa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa ruwan farko bayan yunwa yana kisa. Abin da mai garke ke yi a irin wannan sa'a shi ne ya zaro wuƙa ya bi waɗanda ke shure-shure, ya yanka kafin rai ya fita, ko nama ya samu. Amma mutum ɗaya da 'ya'yansa biyu, cikin ruwa har ƙugu, guda nawa za su cimma? Sauran duk mushe ne. Ba a ci, ba a sayarwa.

Bayan kamar mako guda labari ya fita duniya. Aka ce mutum uku sun rasu a ruwan saman waɗannan kwanaki a arewacin ƙasar, kuma awaki da tumaki da shanu da raƙuma fiye da 8,000 sun halaka. Talabijin ta ƙasa ta nuna mushe warwatse a fili.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan adadi na 8,000, da yadda aka yi ya iso gare mu. Milimita 85 ba ta da wuyar samu. Ma'aunin ruwa mazurari ne a bisa ƙarfe, ruwa ya taru a ciki, ma'aikaci ya juye a kwalba mai zane-zane ya karanta ya rubuta a littafi, a aika Yamai, har gidan rediyo ya karanto wa jama'a cewa wuri kaza an samu kaza. Sai dai ma'aunin abin da ya sauka a bakinsa kaɗai ya sani. Gundumar Ingal kuwa ta miƙe har Asamaka a kan iyakar Aljeriya, ga mutanenta a ƙidayar 2012 kusan 52,000 ne kawai, yawancinsu a warwatse a daji. Ruwan da ya kashe garke a wani kwari yana iya zama ya sauka ne a kan tudu mai nisan yini guda, inda babu ma'auni, babu ma wanda ya ga hadarin.

Ƙirgen dabba kuwa daga baki zuwa baki yake tafiya. Mai garke ya gaya wa arɗo ko shugaban ƙabilarsa. Shi kuma ya kai wa malamin dabbobi ko magajin gari. Daga nan a haɗa 'yar tawaga ta fita duba ɓarna, in mota ta iya ratsa lakar, wanda sau da yawa sai an jira ƙasa ta tsane. Kafin su isa, rana da ungulu da diloli sun yi nasu aikin, wani mushen kuma ruwa ya binne shi a cikin yashi. Sai a rubuta abin da aka gani a haɗa da abin da aka ji, a miƙa wa hukumar gunduma, ta miƙa wa gwamna a Agadas, shi kuma Yamai. A can ne ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai haɗa kan ayyukan agaji, zai sa shi cikin rahotonsa, masu ba da kuɗi a Turai da Amurka su karanta.

A kowane mataki akwai abin da ke jan adadin sama ko ƙasa. Bafulatani ba ya son ƙirga shanunsa a bainar jama'a. Akwai tsoron baki, akwai kuma tsohon tabon jangali, lokacin da duk wanda ya zo da takarda yana tambayar yawan shanu, kuɗi ya zo karɓa. Shi da sunaye da kamanni ya san dabbobinsa, wance 'yar wance, ba da lamba ba. A ɗaya gefen, in aka ji ana rubuta sunaye don rabon taimako, ba a rasa wanda akuyarsa biyar za ta zama goma sha biyar. Ban ga laifin ma'aikacin da ya dawo da lamba mai sifiri uku a ƙarshe ba. Iyakar gaskiyar da za a iya samu ke nan, kuma da babu ita, da babu wanda zai ji cewa wani abu ya faru a Ingal.

Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar sa ido kan bala'i. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don bin diddigin ruwan sama da amfanin gona. Farin 1984 ya sake karkashe garkuna, a 1989 gwamnati ta kafa tsarinta na gargaɗin gaggawa, wanda ma'aikata ke kira SAP. Daga baya aka sauko da shi har ƙananan hukumomi da ƙauyuka, aka naɗa kwamitocin mutanen gari masu kai rahoto. Tauraron ɗan'adam yana auna koren ƙasa daga sama, duk ƙarshen damina a lissafa ciyawar da ta fito a gwada da bakunan da za su ci ta. Ana bin farashin gero da na akuya a kasuwanni, don in buhun gero ya fara cin akuya biyu maimakon ɗaya, an san makiyayi ya shiga uku. Aiki ne na gaske, ya kuma ceci rayuka.

Amma dukkansa fari ne ya haife shi, kuma fari yake tsaro. Fari a hankali yake zuwa, yana ba da wata da watanni a yi taro a rubuta takarda a nemi kuɗi. Ambaliyar hamada ba ta ba da ko yini. A farkon Yunin nan na 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa ambaliya na iya shafar mutum wajen 100,000 a Nijar a wannan damina, kuma hasashen bai yi nisa da gaskiya ba: zuwa farkon Satumba ana maganar mutum 38 da suka rasu, fiye da 92,000 da abin ya shafa, da dabbobi sama da 26,000. An san za a yi, har an kusa sanin yawansa. Abin da babu shi ne mai gaya wa makiyayin da ke kwance a kwarin Irhazer cewa yau ya kwana a tudu. A shekarar ce ma aka ba harkar agaji da bala'o'i ma'aikata tata ta kanta, Lawan Magaji yana minista, ruwan Ingal ya zama cikin abubuwan farko da suka tarbe ta.

Akwai kuma bambanci tsakanin ɓarnar gari da ta daji. A farkon Satumban 2009, lokacin da korin Telwa ya ɓalle ya shiga birnin Agadas, gidajen ƙasa dubbai suka narke. Wannan ɓarna ce da ke tsayawa wuri ɗaya ta jira mai ƙirga. Gida yana da unguwa, yana da maƙwabta masu shaida, kango yana nan ko bayan wata guda, hoton sama ma yana nuna shi. Haka aka gani a 2024, da ruwa ya taɓa tsohon birnin Agadas ya kuma rushe tsohon masallacin Damagaram, ƙasar ta yi asarar mutum kusan 400. Takardar ƙirgen ɓarna da irin wannan ta saba: mutum nawa suka rasu, gida nawa ya faɗi, hekta nawa ruwa ya ci, aji nawa na makaranta. Kayan agajin ma haka, tanti da bargo da gidan sauro da tukwane da buhun hatsi. Makiyayi kuwa bukkarsa ta tabarma ko ta fata ce, in ta jiƙe a shanya. Ta wannan fuskar kusan bai yi asarar komai ba. Alhali wanda ya wayi gari tumakinsa sittin sun zama bakwai ya rasa gonarsa da rumbunsa da asusunsa da nonon 'ya'yansa da sadakin ɗansa, duk a dare ɗaya. Buhun shinkafa zai kai shi wata guda. Garke kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya dawo, in ma ya dawo. Da yawa daga masu gadi da masu tallar shayi da magani a biranen Najeriya, irin wannan asara ce ta fara kawo su ko iyayensu.

Shi ya sa tun kafin a san wani abu wai shi rahoto, makiyaya suna da nasu tsarin. Labarin wanda ruwa ya yi wa ɓarna yana riga mota isa, daga rijiya zuwa rijiya, ranar kasuwa kuma ya gama gari. Yanzu ga wayar hannu inda akwai layi. Kuma su ba adadi suke tambaya ba, suna suke tambaya: gidan wa, me ya rage masa. A wajen Fulani akwai abin da ake kira habbanaye. Ɗan'uwa ko aboki zai zaɓi karsana daga cikin nasa ya kai wa wanda ya rasa, ba sayarwa ba, ba kyauta ba. Za ta zauna a hannunsa yana shan nononta har ta haihu, a al'ada sau uku, 'yan maruƙan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Ana riritata fiye da sauran shanu, don barin saniyar habbanaye ta wulaƙanta abin kunya ne da ba a mantawa. Ƙungiyoyin agaji da dama a Nijar sun ari wannan dabara, suna raba awaki da sharaɗin in sun haihu a miƙa wa wani gida, har sunan ma ba su canza ba.

Akuya tana saurin haihuwa, cikin shekara biyu an ga alama. Saniyar daji kuwa ba ta gaggawa, sau da yawa sai ta tsallake shekara tsakanin haihuwa da haihuwa. Karsanar da aka kai wa wani a yankin Ingal a daminar 2016, ko da komai ya tafi daidai, babu fari babu cuta babu wani ruwan awa biyu, ba za ta koma garken mai ita ba sai bayan 2020.