Yawan Ma'ana a Kalma Guda: Misali da Kalmar Ingilishi "Run"

A fagen ilimin ma'ana an lura cewa kalmomin da aka fi amfani da su yau da kullum su ne suka fi tara ma'anoni. Kalmar Ingilishi "run" kyakkyawan misali ce. A shekarar 2011, lokacin da masu babban ƙamusun Oxford suka kammala sake nazarinta, sun fitar mata da ma'anoni 645 a matsayinta na aikatau kawai. Kafin nan "set" ce ke kan gaba, da ma'anoni 430 a bugun 1989.

Akasarin ɗalibai a aji ɗaya suke haɗuwa da ita, inda malami zai rubuta a allo cewa "run" ita ce "gudu". Wannan daidai ne a jimlar "The boy runs", wato yaro yana gudu. To amma da zarar abokan zaman kalmar sun sauya, sai ma'anar ta sauya. "The river runs" na nufin kogi yana gudana. "The engine is running" kuwa inji ne yake aiki, alhali ko motsawa bai yi daga wurinsa ba. Idan aka ce "The colour ran", to tufar ce ta zuba a wajen wanki. Abin sha'awa shi ne "He ran for governor": inda Ba'amurke ya ga gudu, Bahaushe tsayuwa ya gani, domin cewa zai yi ya tsaya takarar gwamna.

Haɗarin yana bayyana ne a wajen fassara. Ɗalibin da ya haddace ma'ana ɗaya tak zai iya fassara "She runs a shop" da cewa tana gudun kanti, wanda a kunnen Bahaushe ƙauracewa ce, alhali tafiyar da kantin take yi. Saƙon ya juye ke nan gaba ɗaya.

Wannan hali ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Aikatau "ci" yakan fito a cin abinci, da cin jarrabawa, da cin bashi, da cin amana, da cin kasuwa, kuma a na farko ne kawai ake tauna wani abu. Malamin da ya fara da waɗannan misalai, sannan ya gabatar da "run" cikin cikakkun jimloli, zai fi saurin nuna wa ɗalibansa dalilin da ya sa "run out" take nufin ƙarewa, "run into" kuma yin kiciɓis da mutum.