Tsarin Gurabe a Fom na Rajistar Ɗan Ƙasa da Sunayen Hausawa: Misali daga Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, domin da shi ake juyo mutum. A da, mutumin Bebeji ko Ƙiru ba ya bukatar wata takarda kafin a san shi. Mai unguwa da dagaci da limamin gari sun san shi, sun san ubansa da kakansa. Yau kuwa banki da makaranta da ofishin fasfo ba su san kowa ba sai abin da kwamfuta ta faɗa musu, ita kuma kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata ta cikin fom. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake tsara irin wannan fom a cikin manhajar rajistar mutane, da yadda tsarin yake cin karo da sunayen Hausawa, da kuma gyaran da zai yiwu ba tare da an rushe ginin ba. Za a ɗauko misalai daga ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

2.0 Yadda Al'amarin Ya Zama Dole

An kafa hukumar ba da shaidar ɗan ƙasa, watau NIMC, da dokar shekarar 2007, kuma ita ce ke ba kowane mutum lambar NIN mai alƙaluma 11, bayan ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN ga masu ajiya a banki. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, sa'an nan a 2021 hukumar JAMB ta mai da lambar sharaɗi ga mai neman shiga jami'a. Ke nan sunan da aka rubuta wa mutum a rana guda, a gaban ma'aikaci guda, shi zai bi shi ko'ina. In sunan da ke banki ya saɓa wa na NIN, sai ajiya ta maƙale. In na takardar sakandare ya saɓa, sai ɗalibi ya shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu alhali lokacin rajistar jarrabawa yana ƙurewa.

3.0 Sassan Manhaja Uku

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a bambance abubuwa uku waɗanda mai kallon allon kwamfuta yake ɗauka abu guda ne.

Na farko shi ne rumbun bayanai. Nan ne ake ajiye kome, kuma kowane bayani yana da ɗakinsa: ɗakin suna, ɗakin ranar haihuwa, ɗakin mazauni. Sauya fasalin rumbu aiki ne mai nauyi, domin bankuna da kamfanonin waya da sauran hukumomi duk da shi suke gwada nasu bayanan.

Na biyu shi ne fuskar fom, watau abin da ma'aikaci yake gani: wane gurbi ne a sama, wane ne a ƙasa, me aka rubuta a kan kowane gurbi, da wane harshe, waɗanne aka haɗa a shafi guda.

Na uku su ne ƙa'idojin karɓa: wane gurbi ne tilas a cike shi, wane ne za a iya tsallakewa, haruffa nawa gurbi zai ɗauka, waɗanne haruffa zai ƙi.

Manhajojin rajista na zamani an gina su ta yadda za a iya sauya na biyu da yawancin na uku ba tare da an taɓa na farko ba. Kamar rumbun hatsi ne: ana iya sake masa ƙofa da tsani, dawar da ke ciki tana nan yadda take. Wannan shi ake nufi da daidaita tsarin fom.

4.0 Inda Fom Yake Cin Karo da Bahaushe

4.1 Suna

Fom ɗin da muka gada yana da gurabe uku: sunan zuriya, sunan farko, sunan tsakiya. Wannan tsari na Turawa ne, inda iyali guda suke riƙe suna guda kaka da kakanni. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, sai sunan mahaifi, wanda yake sauyawa daga tsara zuwa tsara. Ɗan Musa Haruna shi ne Sani Musa, jikansa kuma Bello Sani. Bayan wannan akwai sunan rana irin su Ɗanladi da Balarabe da Talatu da Asabe, akwai laƙabi irin su Garba ga Abubakar da Indo ga A'ishatu, akwai kuma sunan gari wanda makarantar boko ta yaɗa. Da shi aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, kuma a wannan yanki da shi aka san 'yan majalisa irin su Alhassan Ado Doguwa da Abdulmumin Jibrin Ƙofa.

To, mutum mai suna Sani Musa Ƙiru, wanne ne sunan zuriyarsa? Ma'aikacin banki zai ce Ƙiru, malamin makaranta ya ce Musa, wani kuma ya sa Sani a gurbin farko domin shi aka fara faɗa masa, alhali gurbin farko na zuriya ne. Mutum guda ya zama uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Daɗin daɗawa ga al'adar alkunya: uwa ba ta son ambaton sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta. In an tambaye ta a bainar jama'a, laƙabi za ta bayar, shi kuma za a rubuta.

4.2 Haruffa

Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, kuma tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya suke aiki da shi, ya tanade su tun farkon shekarun 1990. Duk da haka fom da yawa ba sa karɓar kome sai haruffan Ingilishi 26. Sai Ƙiru ta koma Kiru, Ɗahiru ya koma Dahiru, Ɗangora ta koma Dangora. Haka alhamza: Sa'adu da Rabi'u da Asma'u, da mazaɓun Nata'ala a Tudun Wada da Ba'awa a Ƙiru. Wani ma'aikaci ya share ta, wani ya bar fili a wurinta, kwamfuta kuwa ta ɗauki Saadu da Sa adu mutane biyu ne.

4.3 Ranar Haihuwa

Gurbin haihuwa yana neman rana da wata da shekara ta lissafin Miladiyya, kuma ba ya barin a wuce sai an cike. Dattijo a Riruwai zai iya cewa an haife shi da kaka, a watan Azumi, shekarar da aka canja kuɗi. Wannan bayani ne na gaskiya, amma fom ba shi da wurinsa. Abin da yakan biyo baya shi ne a rubuta 1 ga Janairu da shekarar da aka kintata, sa'an nan ƙiyasi ya shiga rumbu da rigar tabbas.

4.4 Mazauni

Fom yana neman lambar gida da sunan titi. A ƙauyukan Burum-Burum ko Rahama kuwa, da sunan unguwa da sunan mai gida ake samun mutum. Makiyayin da ke zaune a gefen dajin Falgore yana da mashekari da ruga da arɗo, ba shi da titi. Har ila yau, in an bar gurbin gari a buɗe, wanda ya rubuta Tudun Wada bai bambance ta Ɗankadai da ta Zariya ko ta Kaduna ko unguwar da ke cikin birnin Kano ba.

5.0 Gyaran da Zai Yiwu

Na ɗaya, a sake jerin gurabe ya bi yadda Bahaushe yake faɗin sunansa: sunan yanka, sunan mahaifi, sunan kaka ko na gari. A rubuta kan kowane gurbi da Hausa, da misali a ƙarƙashinsa. Sa'an nan hukuma ta yanke ƙa'ida guda a kan wanda zai tafi ɗakin zuriya a rumbu, manhaja ta riƙa kai shi da kanta. Da haka an ɗauke hukuncin daga hannun ma'aikata dubu, an mai da shi wuri guda.

Na biyu, a ƙara gurbin "sunan da aka fi sani", wanda ba tilas ba ne, domin Garba da Indo su sami wurin zama ba tare da sun ture sunan yanka ba.

Na uku, a buɗe ƙofa ga haruffa masu lanƙwasa da alhamza. Gaskiya ne layin da na'ura take karantawa a ƙasan fasfo ba ya ɗaukar su, kuma gurabe 39 kaɗai ya ware wa suna bisa ƙa'idar duniya. Amma wannan ba hujja ba ce ta zubar da su tun daga tushe. Sai a ajiye suna da ainihin rubutunsa, manhaja ta fitar da siga ta biyu marar lanƙwasa domin fasfo. Daga Ɗahiru ana iya samun Dahiru. Daga Dahiru kuwa kwamfuta ba ta iya komawa.

Na huɗu, a sa wa gurbin haihuwa zaɓi: tabbas ko ƙiyasi. In an zaɓi ƙiyasi, gurbin rana da na wata su ɓuya, jerin abubuwan tarihi ya bayyana: canjin hannu a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, kammala madatsar Tiga a 1974, rasuwar Janar Murtala a 1976. A haɗa da mai juya watan Hijira zuwa na Miladiyya.

Na biyar, a mai da mazauni jerin zaɓi mai bin juna: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, gari, unguwa. Wanda ya zaɓi Kano zai ga ƙananan hukumomi 44. In ya zaɓi Doguwa, mazaɓunta kaɗai zai gani. Lambar gida kuwa ta zama ta ganin dama.

Na shida, kafin a tura bayani, shafi na ƙarshe ya tattara kome da manyan haruffa, a karanta wa mai rajista da babbar murya, ya amince. Rigakafi ya fi magani, balle ga wanda gyaran kuskure zai ci masa kuɗin mota da yinin gona.

6.0 Iyakar Gyara

Ba kowane gyara ne alheri ba. In kowace cibiya ta tsara fom yadda ta ga dama, rikicin da ake gudu shi zai ƙaru. Ma'aikacin da ke Bebeji ba shi da ikon sauya gurbi, kuma daidai ne kada ya samu; ikon na hukuma ne. Abin nema shi ne rumbu guda da ƙa'ida guda, amma fuskoki bisa harsunan jama'a. Haka kuma kowane sabon gurbi nauyi ne na amana, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana tara abin da ya wuce bukata.

7.0 Kammalawa

An ga cewa yawancin saɓanin suna ba daga jahilcin mai rajista yake tasowa ba, daga tambayar da aka yi masa ne. A nan masana Hausa suke da aiki: tsara jerin sunaye da ingantaccen rubutunsu, tattara sunayen garuruwa da unguwanni na kowace mazaɓa, da fassara kan gurabe da Hausar da manomi zai gane. Injiniya ya san yadda ake jera gurbi, amma sanin abin da ya kamata a tambaya, da yadda za a tambaye shi, yana hannun wanda ya nazarci harshe da al'ada.