Me ya sa WhatsApp ke ƙin buɗewa a tsohuwar waya?

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, mutane da dama ba sa sauke manhaja daga Play Store saboda tsadar forfe da raunin rezo. Wajen mai cajin waya ko wani aboki ake zuwa, ya turo ta Xender, Bluetooth ko katin memuwar. Sau da yawa kuma manhajar da ke aiki lafiya a wayar mai turawa sai ta ƙi zama a ta mai karɓa.

Dalili na farko shi ne shekarun tsarin Android da ke cikin wayar. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin tsarin da take yarda da shi. Tun ranar 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android 4.4, wanda ya fito a 2013, da waɗanda suka girme shi. A shekarar ce kuma Google ya daina sabunta hidimominsa na Play a wannan tsarin.

Dalili na biyu ya shafi yadda ake rarraba manhajar. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke ba kowace waya ɓangarorin da suka dace da injinta kawai. Abin da aka kwafo daga waya mai 64-bit yana iya ƙin shiga ƙaramar waya mai 32-bit.

Ga ɗan kasuwar aya da ke jiran farashi daga Maraɗi ko Kano, ko matar da ke sauraren saƙon murya daga mijinta a ci-rani, wannan asara ce. Shi ya sa wasu ke komawa GBWhatsApp, alhali ba na kamfanin ba ne: ana iya rufe lambar mai amfani da shi, kuma babu tabbacin sirrin saƙonninsa.

Kafin ka sayi wayar hannu ta biyu, shiga « Paramètres », sannan « À propos du téléphone », ka duba lambar Android. In ta yi ƙasa da 5.0, bar ta komai arharta. Ko mai 5.0 ɗin ma ta haura shekara goma, don haka gara ka ƙara kuɗi ka nemi wadda ta fi ta sabunta.