Waƙoƙin Da Suka Raka Mu Karatu A Samaru

Wanda duk ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 2000 zai shaida cewa ɗalibi ba shi ke zaɓar waƙar da zai ji ba, mai rikoda ke zaɓa. Wayar salula ta shigo ƙasar a 2001, amma kuɗin layi kaɗai ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, kuma wayoyin lokacin ba sa ɗaukar waƙa. Saboda haka a ɗakinmu na Suleiman Hall rikoda ɗaya ce, mai bakin kaset biyu, ta wani abokinmu ɗan Jos. Abin da ta rera, kowa ya ji, ko yana so ko ba ya so.

Samun waƙa a lokacin aiki ne. Sai ka sayi kaset marar komai mai minti 90, ka rubuta sunayen waƙoƙin da kake so a takarda, ka kai wa mai ɗaukar kaset a kasuwar Samaru ko Sabon Gari, ya ce ka dawo jibi. Minti 45 ne a kowane gefe, don haka sai ka yi lissafi kafin ka cika takarda. In an ɗauke wuta aka koma batir, ba mai yarda a yi ta mayar da kaset baya da rikoda, sai a zura biro a ramin kaset a yi ta juyawa da hannu. Ran da rikoda ta ci kaset kuwa, a hankali za a zaro zaren, a miƙar da shi a kan gwiwa, a liƙe inda ya tsinke da jan farcen da aka aro daga 'yan matan Amina Hall. Har abada waƙar takan ɗan shaƙe in an zo daidai wurin, mu kuma mu haddace ta tare da shaƙewar.

Mai rikoda mutumin Plantashun Boiz ne. Faifansu Body and Soul ya fito a 2000, kuma muryoyin 2Face da Blackface da Faze su ne ke tashinmu da safe. Da yake a Jos aka haifi 2Face, abokinmu yana ɗaukarsa ɗan gida, kuma da "African Queen" ta fito a 2004 bayan rabuwar ƙungiyar, ba wani shagon aski ko wurin cin abinci a harabar makarantar da ba ta tashi. Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, shi ya fi taɓa ɗalibai kai tsaye. "Mr Lecturer" ta fito fili ta yi maganar malaman da ke matsa wa ɗalibai mata, abin da a jami'o'in ƙasar ake faɗa cikin raɗa. Na ga 'yan mata suna sauraronta ba rawa ba murmushi, suna gyaɗa kai kawai. Ga Awilo Longomba na Kwango, wanda muke kiran kiɗansa makosa, ga Westlife na masu soyayya, ga Lucky Dube na masu zafin ra'ayi da ke kwana suna muhawara kan mulkin mallaka.

Waƙoƙin finafinan Hausa kuwa sun same mu muna tsaka da gardama. Fim ɗin Sangaya na Ali Nuhu da Fati Muhammad ya buɗe ƙofar kiɗan fiyano, daga nan muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Sadi Sidi Sharifai suka cika motocin haya daga Samaru zuwa unguwar Kongo. Wasu suna cewa kwaikwayon Indiya ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, domin mu da muka tashi da muryar Lata Mangeshkar da Kumar Sanu muna gane inda aka ɗauko wani karin. Amma ni ban taɓa raina su ba. A wurin tsararrakinmu, a nan ne muka fara jin saurayi da budurwa suna amsa wa juna soyayya da Hausar da muke yi a titi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin makaɗan gargajiya a tsakaninmu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a watan Yunin 1999, kuma wannan jami'a da kanta ta ba shi digirin girmamawa na dakta tun 1988. Duk da haka ɗalibai da yawa suna ganin kaset ɗin Shata na direbobi ne da dattawa, ba na ɗan boko ba. Wanda ya karya wannan a ɗakinmu wani ɗan Zamfara ne mai karatun aikin gona, mutum mai ƙarancin magana. Wata rana da dare ya fito da kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo daga ƙasan akwati, ya ce wa mai rikoda, "Mutumina, a ba ni gefe ɗaya kawai."

Bai bar mu mu ji shi haka nan ba. Yakan tsayar da kaset ya ce, "Malam, saurari 'yan amshi." Sai muka lura jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani ya shigo ta ƙasa wani ta sama, kotso yana bin su, ba wanda ke taka wani. Ya nuna mana inda yabo ke ƙarewa zambo ya fara, da yadda makaɗin fada ke yi wa abokin hamayyar sarki habaici ba tare da ya ambaci sunansa ba, amma kowa a garin ya san da wa ake. Ya tuna mana cewa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, wato mutumin da sunansa ke ƙofar makarantarmu. Daga nan muka koma kan Shata da kalangunsa, muka gane cewa ba ya zama ya tsara waƙa a takarda, a fili yake ƙirƙirarta, shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ta wannan kaset ba ta zama daidai da ta wancan.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne ɗan Jos. Kirista ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma da aka sa Ɗan Maraya Jos sai ya bi waƙar "Karen Mota" daga farko har ƙarshe, ya ce babansa ke sa ta a gida tun suna yara. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, yana waƙar talaka da zaman aure da halin ɗan Adam. Daren nan mun daɗe ba mu kwanta ba. Shekarun ba na kwanciyar hankali ba ne, an yi rikici a Kaduna a 2000, an yi a Jos a 2001, kuma kowa a ɗakin yana da wanda abin ya shafa. Ba zan ce waƙa ta warware wani abu ba, amma ta ba mu abin da muke ji tare a lokacin da magana ke wuya.

Akwai kuma ɗan'uwanmu da ba ya jin kiɗa sam, saboda fahimtarsa ta addini. Ba a taɓa yin faɗa a kai ba. In an kira salla a kashe, in yana karatun Alƙur'ani a rage, da azumi kuma rikoda ta koma hannunsa, a ji ƙira'ar Sudais da Shuraim da kaset ɗin tafsiri.

Kafin mu gama, faifan CD ya fara ture kaset, daga baya kuma waya ta ture su duka. Yau waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge da Haruna Uji suna nan a YouTube, kuma ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu an ɗora su ba shekara, ba wurin da aka yi wasan, wani lokaci ma sunan wanda aka yi wa waƙar ba daidai ba ne. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ma ya yi rubutu mai yawa kan makaɗan Hausa, amma ɗimbin wasannin da aka ɗauka a gidajen biki da fadoji suna cikin tsofaffin kaset a akwatunan mutane, zafi da ƙura suna cin su. Sassan nazarin Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato suna da ɗaliban da za su iya bin gidaje su karɓo su, su juya su zuwa kwamfuta, su tambayi masu su inda aka ɗauka tun suna raye.