Motar Kara da Motar Kwali: Kada a Raina Wasan Yaran Gangaren Tudu

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san lokacin da ake kakkaɓe dawa, kara ya bushe, sanyin hunturu ya fara saukowa. To, a wannan lokaci ne yara maza kan buɗe garejinsu a gindin katanga. A Gangaren Tudu, ɗaya daga cikin unguwannin garin Keffi ta Jihar Nasarawa, abin ba ya rasa samfur, domin Keffi tana bisa babbar hanyar da ta taso daga Abuja ta nufi Akwanga. Dare da rana tireloli da tankoki da tifofi suna wucewa, yaro kuwa idonsa ne littafinsa.

Yadda ake aikin sananne ne, amma ya kamata a tuna wa waɗanda suka daɗe a Kurmi. Yaro zai sami kara mai kauri, ya sa reza ya feƙe ɓawon, ya tsattsaga shi siri-siri kamar tsinke. Tsokar ciki mai taushi ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusarsa. Da su zai tada bodi, ya yi ƙofa, ya yi wurin zaman direba. Taya kuwa daga tsohon silifas ake yanko ta, ko a yi da marfin kwalba. Wanda hannunsa ya ƙara faɗawa sai ya bar kara ya koma langa-langa da waya da gwangwanin madara, ya ɗaure gaɓoɓin da robar cikin tayar keke, ya sa doguwar waya mai sitiyari a kai, yana tafe yana murzawa, tayoyin gaba suna juyawa kamar na motar gaske.

ABIN DA TURAWA SUKA MAI DA SHI

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan wannan wasa ya zama babbar sana'a, har manya masu furfura suna yinsa. Bambancin shi ne su a kwali suke sayen kayan. In an buɗe kwalin za a tarar da ƙananan gaɓoɓi na roba, kowace da lambarta, da takardar da ta nuna inda kowace za ta shiga. Mai haɗi zai yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakinsu, ya manna da gam, ya shafa fenti, sa'an nan ya liƙa tambari. Wani yakan yi wata guda a kan jirgi ɗaya.

Kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, yana cikin waɗanda suka yi fice. A 1949 ya yi 'yar ƙaramar tarakta ta Ferguson, cikin shekarun 1950 kuma ya fito da jirgin yaƙin nan Spitfire, wanda yaran Ingila suka yi ta rububinsa. A Japan akwai Tamiya na garin Shizuoka, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma roba. A Amurka kuma akwai Revell.

Asirin wannan aiki duka awo ne. A jikin kowane kwali akan rubuta lamba, alal misali 1/72. Ma'anarta ita ce inci ɗaya a jikin ƙaramin jirgi daidai yake da inci 72 a jikin na gaske, wato ƙafa 6. Spitfire mai tsawon kusan ƙafa 30 sai ya dawo inci 5, ya zauna a tafin hannu, amma fa babu abin da ya kauce daga wurinsa. Motoci yawanci 1/24 ake yi musu, wato inci ɗaya a madadin ƙafa 2, tankokin yaƙi kuwa 1/35.

WA YA FI WANI?

In aka ajiye yaron Gangaren Tudu da yaron Landan, kowa da abin da ya fi ɗan'uwansa. Na Landan an riga an yi masa tunani, an auna, an zuba a inji. Nasa haƙuri ne da tsabtar hannu. Na Gangaren Tudu kuwa ba takarda, ba lamba. Shi zai dubi tirela, ya raba ta gaɓa-gaɓa a cikin kansa, ya nemi abin da zai tsaya a madadin kowace gaɓa, in ta karye ya sake dabara. Wannan shi ne aikin mai ƙira, ba na mai haɗi kawai ba. Abin da ya rage masa ɗaya ne, awo. Shi ya sa sau da yawa za a ga taya ta yi wa bodi girma, ko gaba ya rinjayi baya.

Nijeriya kanta ta ɗanɗana wannan bambanci. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma Volkswagen ya fara nasa a Ikko. Daga baya aka sami Leyland a Badun, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, da Mercedes a Inugu. Amma yawancin gaɓoɓin a akwatuna ake shigo da su daga waje, a nan sai ɗauri. Da kuɗin waje ya yi wuya cikin shekarun 1980, darajar Naira ta faɗi, akwatuna suka ragu, sai aikin masana'antun nan ya durƙushe. Wanda ya iya haɗi kaɗai, ranar da kwali bai zo ba sai ya naɗe hannu.

Su kuwa masu kamfanonin ƙera motoci sun daɗe da gane inda ake haƙo masu ƙira. Daga 1930 zuwa 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya riƙa shirya wa yara gasar ƙera ƙananan kekunan doki da motoci da hannunsu, wanda ya ci a biya masa kuɗin karatu. Da dama daga cikin yaran nan sun girma sun zama masu zana motocin gaske. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya yi aiki bayan ya gama karatun zanen mota a Detroit a 1994. Shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Har ila yau a 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen ƙarafa.

KIRA GA MAZAUNA KURMI

Abin tsoro shi ne wasan yana ja da baya. Motocin roba na ƙasar Sin sun cika kasuwa, wayar hannu ta ɗauke hankalin yara, wasu iyaye kuma in sun ga yaro da reza da gwangwani sai tsawa, wai yana tara shara. Gaskiya ne reza da bakin gwangwani suna yanka, ya kamata babba ya sa ido. Amma sa ido daban, hanawa daban.

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabo ta Badun, ga inda hannunku ya shigo. In Salla ta matso kowa yakan cika jaka da tsaraba, a ciki har da motar roba mai batir, wadda ba ta kai mako guda ta mutu. Da kuɗinta za a sayi rula da filaya da fensir da gam, a nuna wa yaro yadda zai auna motar maƙwabci da igiya, ya raba tsawon gida 24, ya fitar da tasa daidai. Wanda Allah ya hore wa, ya ga kwalin haɗi a kanti, to ya saya, domin yaro ya ga yadda ake karanta zane, amma kada ya maye gurbin kara.

Keffi ba ta rasa masu ilmin da za su taimaka ba. Kwalejin Gwamnati, wadda aka kafa a 1949, tana nan, ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa, ga kafintoci da maƙera da masu walda. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke Kudu, waɗanda kan tara kuɗi don biki da jana'iza, ba zai gagare su ba su sa 'yar kyauta a yi gasa sau ɗaya a shekara bayan kaka, malaman makaranta da kanikawa su yi alƙalanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a gane.