Gidan Opera na Alƙahira: ginin ya ƙone, sunan ya tsira

Wanda ya je tsakiyar birnin Alƙahira ya nemi Dandalin Opera, za a nuna masa, sai dai abin da zai tarar a wurin shi ne wani katafaren ginin ajiye motoci mai hawa da yawa. A wannan filin ne gidan opera na farko a Masar ya tsaya kusan shekara 102.

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali daga Italiya, inda 'yan wasa ke rera zantukansu cikin waƙa, makaɗa suna raka su. Isma'il Pasha, mai mulkin Masar a wancan zamani, shi ya ba da umarnin gina gidan domin shagulgulan buɗe mashigin ruwan Suwez. Burinsa shi ne sarakunan Turai da ya gayyato su ga Alƙahira ta yi kafaɗa da kafaɗa da Paris. Cikin 'yan watanni masu zanen gini 'yan Italiya suka tsayar da shi, akasarinsa da katako, kuma yana ɗaukar mutum kimanin 850. An buɗe shi ranar 1 ga Nuwamban 1869 da wasan Rigoletto na Giuseppe Verdi.

Mutane da dama suna zaton da Aida aka yi bikin buɗewar, amma wannan kuskure ne. Aida, labarin wata gimbiyar Habasha da aka bautar a fadar Fir'auna, sai daga baya Verdi ya amince ya tsara ta. Yaƙin da Faransa ta gwabza da Jamusawa a 1870 ya kuma tsare tufafi da kayan wasan a Paris, shi ya sa ba a nuna ta ba sai ranar 24 ga Disamban 1871. Shi kansa Verdi bai halarta ba.

Irin wannan ƙawa da bashi aka yi ta. A 1875 Isma'il ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a mashigin Suwez, a 1879 aka tuɓe shi, bayan shekara uku kuma sojojin Birtaniya suka mamaye ƙasar.

Duk da haka gidan da aka gina don burge baƙi sannu a hankali ya koma na 'yan ƙasa, har makaɗa da 'yan rawa Misirawa suka riƙa hawa dandamalinsa. Ranar 28 ga Oktoban 1971 gobara ta cinye shi ƙurmus, tare da tufafin wasa da takardun kiɗa da aka daɗe ana adanawa.

Shekara 17 birnin ya yi babu gidan opera. A Oktoban 1988 aka buɗe sabo a tsibirin Jazira da ke tsakiyar kogin Nilu, da tallafin ƙasar Japan.