Macijin Dutsen Mang: Dafi Bai Hana a Sace Shi Ba

A kudancin ƙasar Sin, kan iyakar lardin Hunan da na Guangdong, akwai wani dutse mai duhun daji da yawan hazo da ake kira Mang. A nan ne, a shekarar 1984, wani likita mai suna Chen Yuanhui ya yi jinyar wani ma'aikacin gandun daji da maciji ya sara. Majinyacin ya siffanta masa ƙaton maciji kore mai farar wutsiya, irin wanda babu shi a littattafan masana. Sai a 1989 likitan ya sami macijin a hannu, kuma a 1990 shi da masanin dabbobi Zhao Ermi suka bayyana shi ga duniya. A yau sunansa na kimiyya Protobothrops mangshanensis.

Tsawon wannan maciji yakan kai mita 2, nauyinsa kuma kilo 3 zuwa 5. Fatarsa dabbare-dabbare ce ta kore da ruwan ƙasa, har idan ya naɗe a kan dutse mai gansakuka, mutum sai ya taka shi bai gan shi ba. Farin bakin wutsiyarsa kuwa tarko ne: yakan motsa shi kamar tsutsa, tsuntsu ko kwaɗo ya matso neman abinci, shi ya zama abincin.

Dangi ne na nesa ga kasa da kububuwa da muka sani, amma yana da abin da babu macijin Afirka mai dafi da ke da shi. Tsakanin idonsa da hancinsa, a kowane gefe, akwai ɗan rami, a cikinsa kuma da wata siririyar fata cike da jijiyoyi. Duk dabba mai ɗumin jini tana fitar da wani haske na zafi wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Idan hasken ya faɗa kan fatar nan sai ta ɗan ɗumama, jijiyoyin su kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Da yake ramukan biyu ne, macijin yakan gane ɓangaren da ɓera yake ko da a tsakar dare.

To, duk da wannan baiwa, macijin yana bakin ƙarewa. Ba a samun sa a ko'ina sai a dazuzzukan wannan yanki, a tudun da ya kai mita 700 zuwa 1,300, kuma binciken da aka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su kai 500 ba. Saran itatuwa da yankan gora sun rage masa mazauni. Babbar masifar kuwa kyawunsa ne ya jawo masa ita, domin masu kiwon macizai don sha'awa suna sayen sa da tsada, mafarauta kuma suna sato shi a ɓoye. A 2012 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, a 2013 yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe, sannan a 2021 gwamnatin Sin ta ɗaga shi zuwa matakin kariya na farko.

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce, mene ne amfanin kare abin da ke kisa? Macizai ne ke rage yawan ɓeraye a daji. Ban da wannan, maganin hawan jini da ake kira captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, ya samo asali ne daga nazarin dafin wani maciji mai ramin zafi na ƙasar Brazil. Macijin Dutsen Mang kuwa shekaru talatin da 'yan kai ke nan da masana suka san shi, nazarin dafinsa bai yi nisa ba. Idan ya ƙare, ya tafi ke nan da duk abin da za a koya daga gare shi.